Magani da Gado: Darasin da Ya Dace da Matasa

A gidaje da dama, har da na Hausawa mazauna unguwar Cheetham Hill a birnin Manchesta, akan ba mara lafiya ragowar maganin da ya warkar da ɗan'uwansa. Wannan kuwa ganganci ne, domin ƙwayoyin halittar da mutum ya gada suna da tasiri a kan yadda jikinsa zai karɓi magani.

Misali, kimanin mutum 1 cikin 500 yana ɗauke da wani gado wanda ke sa maganin gentamicin ya kurmantar da shi. A shekarar 2022, masu bincike a Manchesta suka nuna cewa gwajin minti 26 yana gano jaririn da ke da wannan gado, sai a sauya masa magani. Haka kuma, ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, kan sa primaquine, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini.

Saboda haka, ya kamata makarantun sakandare su koyar da wannan ilimi ta darussan intanet masu hotuna da tambayoyi, waɗanda ɗalibi zai iya maimaitawa a waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bugu da ƙari, sau da yawa matasa ne ke yi wa iyayensu tafinta a gaban likita. Intanet ba za ta maye gurbin likita ba, amma matashin da ya fahimci darasin zai san abin da zai tambaye shi, kuma zai hana a raba magani a gida.