Sunan uba ba hajar kasuwa ba ne

Duk wanda ya daɗe cikin harkar kasuwa ya san abu biyu ne uba ke bar wa ƴaƴansa, wato jari da suna. Jari yana iya ƙarewa cikin shekara ɗaya, ko ta gobara, ko ta faɗuwar naira, ko ta rufe iyaka. Suna kuwa shi ne ke sa a ɗora wa yaro kaya bashi a Jibiya ko a Illela ba tare da takarda ba, don kawai an san ubansa. A yau ina so mu duba rayuwar wani uba kuma kaka, mutumin Amurka, masoyin wasanni, wanda ya mutu bai bar jari ba sai suna, sunan ma an ɓata shi, har sai da ƴaƴansa da jikokinsa suka shafe kusan shekara 70 bayan mutuwarsa suna neman a wanke shi.

Sunansa Jim Thorpe. An haife shi a 1887 a yankin da yau ake kira jihar Oklahoma. Ɗan ƙabilar Sak da Foks ne, ɗaya daga cikin ƙabilun da ke zaune a ƙasar tun kafin Turawa su ƙetaro teku, wato mutanen nan da masu kallon fim ɗin kaboyi suka saba kira Indiyawan daji, sunan da bai dace da su ba, domin su ne masu ƙasa na asali. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, ma'anarsa hanya mai haske. Tagwaye aka haife su, ɗan'uwansa ya rasu suna da shekara 9, mahaifiyarsu ta bi bayansa, mahaifin kuma ya rasu a 1904, shekarar da aka kai Jim makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pensilbaniya. Makaranta ce da gwamnati ta kafa a 1879 domin raba ƴaƴan ƴan asalin ƙasa da al'adunsu: a aske musu gashi, a sauya musu tufafi, a hana su magana da harshen iyayensu. A can ne aka gano cewa wannan maraya ba shi da na biyu a gudu da tsalle da ƙwallo.

A 1912 aka tafi da shi gasar Olamfik a birnin Stokholm na ƙasar Suwidin. Ya shiga gasa biyu mafi wuya. Ta farko gasar wasanni biyar, inda ya zo na ɗaya a huɗu daga cikinsu. Ta biyu gasar wasanni goma, wadda ta haɗa gudu gajere da dogo, da tsalle iri-iri, da jifan mashi da faifai da dalma, aka yi kwana uku ana fafatawa. Ya tara maki 8,412, ya ba wanda ke biye da shi, Hugo Wieslander ɗan Suwidin, ratar maki kusan 700. Hoton da aka ɗauke shi a filin yana nan har yau, takalman ƙafarsa ba iri ɗaya ba ne, domin nasa sun ɓace ana tsakiyar gasa, ya tsinci wasu ya sa. Sarki Gustaf na Biyar da kansa ya miƙa masa lambobin zinariya biyu. Ku lura, ya ɗaga tutar Amurka ne shekara 12 kafin dokar 1924 wadda ta ba dukkan ƴan asalin ƙasar matsayin cikakkun ƴan ƙasa.

Murna ba ta yi nisa ba. A watan Janairun 1913 wata jarida ta buga labarin cewa a 1909 da 1910, lokacin hutun makaranta, Jim ya buga ƙwallon sanda, wanda Amurkawa ke kira besbol, a wata ƙaramar ƙungiya a jihar Karolina ta Arewa, aka biya shi ƴan kuɗi kaɗan. Dokar Olamfik ta wancan zamani ta ce sai ɗan wasan sha'awa, wanda bai taɓa karɓar kuɗi a kan wasa ba, shi ke da damar shiga gasa. Nan take aka karɓe lambobinsa, aka goge sunansa daga littafin tarihi, aka ba waɗanda ya kayar.

To, mu ƴan kasuwa mun san mudu, mun kuma san mudun da aka lanƙwasa gindinsa. Wa ke iya yin shekara yana motsa jiki bai nemi kwabo ba? Sai ɗan masu hali, wanda ubansa ya bar masa gidaje da gonaki. Dokar nan tun asalinta ta dace da masu kuɗi, ta matse talaka. Maraya ya ci guminsa lokacin hutu, sai aka ce ya yi abin kunya. A wurinmu neman na kai ba abin kunya ba ne, zaman banza ne abin kunya. Bugu da ƙari, ƙa'idar gasar 1912 ɗin kanta ta ce duk mai ƙorafi ya kawo shi cikin kwana 30, wannan ƙorafi kuwa sai bayan wata shida ya fito. Ashe ma masu hukuncin ne suka taka dokarsu da ƙafarsu. Duniya kuma daga baya ta yarda dokar ba ta da kan gado, tunda a gasar Basalona ta 1992 ƴan ƙwallon kwando na Amurka masu albashin miliyoyi sun shiga, sun ci zinariya, an tafa musu.

Akwai wani abu cikin labarin da ya fi tsaya mini a rai. Ɗalibai da yawa a lokacin suna buga irin wannan wasa na kuɗi, amma da sunayen ƙarya, don kada a gane su. Jim da sunansa na gaskiya ya buga. Da aka tuhume shi bai yi gardama ba, ya rubuta takarda ya amsa cewa ya yi, ya ce shi ɗan makaranta ne, bai san laifi ba ne. Masu sunan aro suka tsira, mai gaskiya ya sha hukunci. Wani zai ce ai ga shi nan, gaskiya ba ta biya ba. Ni kuwa na ce ta biya, sai dai ta biya a makare. Da ya ɓoye sunansa aka tono shi daga baya, da wace fuska ƴaƴansa za su tsaya gaban duniya su ce an zalunci ubansu? Gaskiyar da ya faɗa a 1913 ita ce takardar shaidar da suka riƙe.

Bayan haka ya mayar da wasa sana'a. Ya buga besbol a manyan ƙungiyoyi tsakanin 1913 da 1919, ya buga ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, har a 1920 aka naɗa shi shugaban farko na haɗaɗɗiyar ƙungiyar da daga baya ta zama NFL, wadda yau ke juya dubban miliyoyin dalar Amurka. Ya bar fili a 1928 yana da shekara 41. Shekara ɗaya bayan nan tattalin arzikin Amurka ya karye, sai gwarzon duniya ya koma haƙar kwata, da gadi, da fitowa a finafinan kaboyi a matsayin ɗaya daga cikin Indiyawan da ake nunawa. Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Ya yi fama da giya, ya yi aure uku, yawon neman abinci ya raba shi da gida sau da yawa. Ya haifi ƴaƴa takwas, na farin ya rasu yana ƙarami. A 1950 ƴan jaridar wasanni na Amurka suka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a rabin ƙarni, amma a wannan ɗan tsakanin da cutar daji ta kama shi a leɓe, a matsayin marar hali aka kwantar da shi asibiti. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1953 a jihar Kalifoniya, cikin wani ɗan ɗaki irin wanda ake ja da mota, yana da shekara 65.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na zaɓi kan wannan rubutu. An kai gawarsa Oklahoma, danginsa suna cikin yi masa al'adar bankwana ta ƙabilarsu, sai matarsa ta uku ta iso da motar ɗaukar gawa, ta tafi da shi. Gwamnan jihar ya ƙi sa hannu a kan kuɗin gina masa wurin tunawa, ita kuwa ta shiga neman garin da zai karɓe shi. Ta sami wasu ƙananan garuruwa biyu a Pensilbaniya waɗanda kasuwarsu ta mutu bayan harkar kwal ta ja baya. Aka ƙulla yarjejeniya, a 1954 garuruwan suka haɗe suka ɗauki sunan Jim Thorpe, da fatan kabarinsa zai jawo baƙi da ciniki. Mutumin nan bai taɓa taka garin ba yana raye. Ku duba wannan lamari: wanda aka hukunta don ya karɓi ƴan kuɗi da guminsa, shi ne aka mayar da gawarsa allon talla.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ƴaƴan Jim ba su gaji gudunsa ba, amma sun ɗauki nauyin sunansa. Ƴaƴansa mata, Grace da Charlotte, sun yi shekaru suna rubuta takardu, suna bin ofisoshi. Babban shingen da ke gabansu shi ne Avery Brundage, wanda ya shugabanci Kwamitin Olamfik na Duniya daga 1952 zuwa 1972, ya kuma ƙi sauraren maganar. Shi wannan Brundage yana cikin waɗanda Jim ya kayar a Stokholm. Sai a 1982, bayan wasu masu bincike sun tono ƙa'idar nan ta kwana 30, kwamitin ya sauko. A watan Janairun 1983 aka miƙa wa ƴaƴansa sababbin lambobi a Los Anjelis, shekara 30 bayan mutuwarsa. Duk da haka rabin haƙƙi aka biya, domin an rubuta cewa shi da waɗanda ya kayar sun yi kunnen doki. Jikoki da ƴan ƙabilarsa suka ci gaba da bibiya, har ranar 15 ga Yulin 2022, shekara 110 cif bayan nasararsa, aka mayar da shi zakara shi kaɗai a gasar biyu. A 2024 shugaban Amurka Joe Biden ya ba shi lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula, jikarsa ce ta karɓa.

Maganar gawa kuwa ba ta ƙare haka ba. A 2010 ɗansa Jack ya kai ƙara yana neman a mayar da ubansu ƙasar kakanninsa. Jack ya rasu a 2011, ƴan'uwansa biyu suka ci gaba, suka yi nasara a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2014, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren shari'ar a 2015. Adalci ne in faɗa cewa ba duk iyalin ke da ra'ayi ɗaya ba. Akwai jikokin da suka ce mutanen garin sun riƙe kabarin da mutunci, a bar tsoho ya huta. Maganarsu tana da nauyi. Amma ko da an kyautata riƙo, cinikin tun farko bai halatta ba, domin wanda ya sayar ba shi kaɗai ke da haƙƙi ba. Kowane ɗan kasuwa ya san hukuncin kayan gado da mutum ɗaya ya sayar bayan idon sauran magada.

Me ya shafe mu? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da gwaraza. Issaka Daboré ya kawo wa Nijar lambar Olamfik ta farko, ta tagulla, a damben zamani a Munik a 1972, kuma sai bayan shekara 44 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo ta biyu, ta azurfa, a Riyo a 2016. Daboré ya rasu a 2021. Yara nawa ne a kasuwanninmu za su iya faɗin sunansa? Tun 1975 ake kokowar takobi a ƙasar nan, kuma kowa ya san ƴan kasuwa na sahun gaba wajen yi wa ƴan kokowa kyauta: wannan ya ba da babur, wancan ya ba da buhunan shinkafa, makaɗi ya ambaci sunan Alhaji, fili ya ɗauki tafi. Ba na kushe wannan. Amma mu tambayi kanmu, kyautar nan don ɗan kokowa muke yi ko don a ji sunanmu a rediyo? Amsar tana bayyana ranar da gwiwarsa ta daina ɗaukarsa. Kowane gari yana da tsohon ɗan kokowa ko ɗan dambe wanda a da ake rufe rumfuna a je kallonsa, yau kuwa ana wuce shi ba ko sallama.

Shawarata uku ce. Ta farko, wanda Allah ya hore masa, in zai yi wa ɗan wasa alheri, ya haɗa da abin da zai rayu bayan tafi: rumfa a kasuwa, ko ɗan jari, ko kuɗin karatun ƴaƴansa. Ta biyu, ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ware wani abu daga asusunsu domin maganin tsofaffin ƴan wasan garinsu, tun suna raye suna iya cewa madalla. Lambar da aka ba ƴaƴan Jim a 1983 ba ta biya masa kuɗin asibitin da ya rasa ba. Ta uku, ga ƴaƴa da jikoki: in ubanku ko kakanku ya taɓa yin suna a fili, ku zauna da shi, ku ɗauki maganarsa a waya, ku rubuta shekarun da ya yi wasa da waɗanda ya kara da su, ku adana hotunansa. Iyalin Thorpe sun ci nasara ne don akwai takarda da hoto da lissafin maki. Tarihin da ke bakin makaɗi kaɗai yana iya tafiya tare da makaɗin.

Daga ƙarshe, wanda ya gaji suna mai kyau ya riƙe shi da hannu biyu, kada ya jinginar da shi don ribar kasuwa ɗaya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ƴaƴan da za su tsare mana mutunci bayan ba mu, amin.