Ko Ɗalibi Yana Bukatar Firinta Tasa ta Kansa a Makaranta?

Duk lokacin da jami'o'i da kwalejojin ilimi suka fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, murna takan cika gidaje, amma ba a daɗewa sai jerin kayayyaki ya biyo baya: katifa, bokiti, risho, kayan abinci, kwamfutar tafi-da-gidanka, yanzu kuma har da na'urar buga takardu, wadda yara ke kira firinta. Iyaye da yawa, musamman waɗanda ba su yi zaman jami'a ba, sukan rasa amsar da za su bayar, domin ba wanda yake so a ce rowa ce ta sa ya tauye karatun ɗansa. To, 'yan'uwa, bari mu dubi wannan al'amari da idon basira kafin wani ya sayar da buhun masara ko akuyar gida.

Ba shakka takarda ba ta bar makarantunmu ba tukuna. Gaskiya ne hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, kuma rajista a yawancin jami'o'i ta intanet ake yi. Duk da haka ɗalibi zai buga takardar shaidar biyan kuɗi, da ta rajistar darussa, da aikin da malami ya bayar, sannan a shekarar ƙarshe ga aikin binciken kammala karatu, wanda sai an buga, an gyara, an sake bugawa, kafin a ɗinke. Saboda haka bukatar bugawa tana nan. Abin tambaya shi ne, ko sai mutum ya mallaki na'urar kafin ya biya wannan bukata?

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne, kuɗin sayen firinta shi ne ƙaramin ɓangare na ɗawainiyarta. Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai mai ruwan tawada, wadda ta fi araha, amma ƙaramin kwanson tawadarta sau da yawa ba ya wuce shafi 100 zuwa 200, wanda ke zuwa a cikin kwali kuwa galibi ba cikakke ba ne. Kamfanoni sukan sassauta kuɗin na'urar domin su ci riba a kan tawada. Bugu da ƙari, idan aka bar ta ba aiki, tawadar takan bushe ta toshe ƙananan kafofin da take fitowa, ga kuma zafi da ƙurar hunturu irin namu na Arewa. Mu tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Firintar da aka kulle a ɗaki tsawon wannan lokaci da wuya ta tashi ba tare da mai gyara ba.

Iri na biyu mai hodar tawada ce. Ita ba ta bushewa, kuma cika ɗaya yakan buga shafi 1,000 ko fiye, sai dai ta fi tsada, ta fi cin wuta, domin da zafi take manna hodar a jikin takarda.

Wannan ya kawo mu ga batun wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, kuma jami'o'i da dama sun koka cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu, har wasu suka rage sa'o'in ba da wuta. Akwai inda aka ɗan samu sauƙi, alal misali Jami'ar Bayero ta Kano, inda aka ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da hasken rana a 2019, amma ba kowace makaranta ke da irin wannan ba. Ɗalibin da ke zaune a gidan haya a wajen makaranta kuwa halinsa ɗaya da na maƙwabtansa. Mai shagon buga takardu yana da janareto, kuma yana raba kuɗin mai a kan ɗaruruwan masu zuwa wurinsa. Ɗalibi shi kaɗai ba zai iya ba. Ranar da ya fi bukatar na'urar, wato daren da gobe za a karɓi aiki, ita ce ranar da wuta za ta iya ɗaukewa, ya koma shagon da ya guje wa.

Sai takarda. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba, da Oku Iboku, da Iwopin ba su iya wadatar da ƙasa ba, don haka yawancin farar takarda daga waje ake shigo da ita. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, kuma takarda da tawada duk sun bi ta. Wannan tsada ta shafi mai shago, amma shi a sari yake saye, ɗalibi kuwa ɗaiɗai.

Ga kuma halin zaman ɗakin kwanan ɗalibai, inda ɗakin mutum huɗu yakan ɗauki takwas. Wanda ya ajiye firinta ya zama mai hidimar jama'a: wannan ya ce shafi biyu kawai, wancan ya ce zai biya gobe. In ya hana a ce marowaci ne, in ya bayar tawada ta ƙare. Ba a ma zo maganar sata ba.

A auna wannan da kuɗin da ke hannun yaro. Lokacin da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki a 2024, naira 20,000 ya ware a wata don ɗawainiyar ɗalibi, a shekarar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Wanda ke lallaɓa rayuwa da irin wannan kuɗi, abinci da kuɗin mota ne a gabansa. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ba mu ce firinta ba ta da amfani ko kaɗan ba. Ɗaliban shekarar ƙarshe su huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su raba ɗawainiyarta bisa yarjejeniya a rubuce. Mai digiri na biyu da ke buga babi-babi a kai a kai shi ma tana iya yi masa rana. Haka kuma wanda yake so ya mai da ita sana'a, muddin makaranta ta yarda kuma karatunsa bai taɓu ba. Amma ga sabon ɗalibi, shawarar ita ce a bar shi ya yi zango ɗaya, ya rubuta yawan shafukan da ya buga da abin da ya kashe. In aka kwatanta da kuɗin na'ura da tawada da takarda, lissafin da kansa zai ba da amsa.

Hukumomin makarantu ma suna da nasu nauyin. Jami'o'i da dama sun haramta tilasta wa ɗalibi sayen handawut, to ya kamata su ƙara da barin a miƙa ayyuka ta intanet, a kuma duba gyare-gyaren aikin bincike a kwamfuta, sai kwafin ƙarshe kaɗai a buga. Ɗakunan karatu su tanadi wurin bugawa mai rahusa, ƙungiyoyin ɗalibai kuma su sa ido a kan farashin shagunan cikin makaranta.

Ku iyaye, in yaro ya kawo wannan bukata, kada ku tsawata masa, kada kuma ku ci bashi a kanta. Ku zauna tare ku yi lissafi. Kuɗin da za a zuba a firinta ya fi amfani in aka cika masa kayan abinci, ko aka taimaka masa ya samu kwamfuta mai kyau da zai yi shekara huɗu yana aiki da ita.