Zauren Ƙannena: Hutun Da Ba A Miƙe Ƙafa

 

Wasiƙu sun taru, amma yau guda ɗaya zan ɗauka. Wata ƙanwata 'yar aji biyar ce ta rubuto, wai yayarta mai karatun digiri na biyu ta samu damar fita waje na wata biyu a dogon hutu, sai gida ya rabu biyu. Wasu sun ce ta tafi, wasu sun ce yawon buɗe ido ne aka lulluɓe da sunan karatu, wane ilimi za a samo a wata biyu? Ta ce don Allah in faɗa mata gaskiya.

To ƙanwata, gyara zama. A jami'o'in Amurka da Turai, daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina, su hutu suke yi. Amma da yawa daga masu digiri na biyu da na uku ba sa kwanciya, jaka suke ɗauka su nufi ƙasar da suke nazari a kanta. Ni kan kwatanta tafiyar da murhu mai duwatsu uku: harshe, koyon aiki, da bincike.

Dutsen farko shi ne harshe, kuma shi ne babba. A 2006 gwamnatin Amurka ta ɓullo da wani shiri mai suna CLS, wanda ya riƙa tura ɗalibanta waje na kimanin mako 8 don su koyi abin da ake koya a shekara guda a aji. Masu Larabci an kai su ƙasashe irin su Jodan da Maroko, masu Suwahili kuma garin Arusha na Tanzaniya. Shi wannan harshe ne zalla. Da safe aji, da yamma kasuwa, da dare kuma da yawansu a gidan mutanen gari suke kwana, ga ƙa'idar a daina Turanci. Kin ga wadda sai ta haɗa jimla kafin a miƙo mata ruwan sha, ai dole bakinta ya buɗe.

Dutse na biyu koyon aiki. Nan kusa da mu ma an yi. Daga 1987 Jami'ar Boston ta riƙa kawo ɗalibanta birnin Yamai, su yi zangon karatu guda, suna koyon Faransanci tare da Hausa ko Zabarmanci. Bayan aji kowa da inda aka haɗa shi, wata asibiti, wani makaranta, wani kuma gaban mai sana'ar hannu, ya zauna kamar yaron gida. An dakatar da shirin a 2011 saboda matsalar tsaro. Amfanin irin wannan zama, littafi zai gaya miki yadda ya kamata asibiti ta kasance, amma sai kin wuni a cikinta za ki gane dalilin da ya sa mai jego ba ta dawo awo ba. Gani ya kori ji.

Dutse na uku bincike, kuma nan ne wahalar take. Tun kafin ta bar gida ɗaliba za ta rubuta tambayar da take neman amsarta, malamin da ke duba ta ya amince, kwamitin jami'a ya tabbatar ba za a cutar da kowa ba. In ta isa, ba ta da ikon ɗaukar muryar mutum ko hotonsa sai da yardarsa, kuma sau da yawa sai ta sakaya sunansa. Kullum dare, komai gajiya, sai ta rubuta abin da ta gani da abin da ta ji. In ta dawo kuma rahoto na jiranta. Yanzu fisabilillahi wannan ne yawo?

Ga abin da ya fi burge ni, kuma ku ya shafa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta biyo mijinta da ke bincike a ƙasar Zazzau. Shi namiji ne, iyakarsa zaure, ba shiga. Ita kuwa mace ce, ga ta da Hausa a baki, sai ta samu shiga wurin mata, ta kuma zauna da wata dattijuwa mai suna Baba, tana rubuta tarihin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma ya zama madubin da masana ke duba rayuwar matan Hausawa na da. Da tafinta aka sa a tsakani, kina jin Baba za ta saki jiki ta yi zancen kishiya da haihuwa da ƙawance? Haka abin yake a ko'ina. Akwai ɗakunan da sai mace mai jin harshen masu gida ke shiga.

Su ma masu ƙorafi suna da 'yar gaskiyarsu, wata biyu ba ya gama bincike. Sharar fage ne: a san gari, a san mutane, a gyara tambaya, sannan a dawo babban aikin. Don haka maimakon gardama, a sa yayarki a gaba a yi mata tambaya cikin lalama. Wace jami'a ce ta gayyace ta, ina takardar? Wane malami ne zai kula da ita? A ina za ta sauka? Wa zai biya kuɗin jirgi da na asibiti? Me za ta miƙa in ta dawo? Shirin gaskiya yana da amsar duk waɗannan a rubuce. Dillalin da ya ce a kawo kuɗi tukuna takarda na zuwa daga baya kuwa, a guje shi.

Ku kuma 'yan sakandare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasin Faransanci da na Larabci da kuke gyangyaɗi a cikinsu, su ne mabuɗin. Gwamnatin Najeriya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta Barno a 1992, don ɗaliban jami'a su nutse cikin harshen ba sai sun ƙetare ba. Hukumar DAAD ta Jamus, wadda aka kafa a 1925, ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai zuwa darasin Jamusanci na hutu, amma wanda ya riga ya fara harshen ake ɗauka. Wadda ta zo da baki rufe, haka za ta koma.

Ga aikin gida. A hutun nan ki sayi littafin rubutu, ki je wurin kakarki, ki nemi izininta, ki tambaye ta yadda aka yi bikinta da abin da aka zuba mata a gara. Ki rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata magana. Wadda ta yi, ta aiko mini shafi guda in gani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku