A Hana Sayar da Nokawut a Kasuwannin Gabashin Sakkwato

Mai karatu, a wata ƙaramar Sallah da ta gabata na kwana a gidan wani ɗan'uwana a Wurno. Bayan sallar isha'i muna zaune a zaure, sai muka ji ƙara ta tashi sau uku a jere daga bayan gari. Kafin mu miƙe, mata sun suri 'ya'yansu, samari sun haura katanga, wata tsohuwa a maƙwabta ta faɗi a bakin rijiya ta karya hannu. Da ƙura ta lafa sai aka gano yara ne suka kunna nokawut ɗin da suka saya da kuɗin barka da Sallah. Babu wanda ya yi dariya a daren nan.

A matsayina na malamin ilimin harshe, abu na farko da nake koya wa ɗalibaina shi ne cewa sauti ba ya ɗauke da ma'ana shi kaɗai. Al'umma ce take ba shi ma'ana gwargwadon abin da ta sani. Ƙarar da ɗan Legas zai ji ya ce an shiga sabuwar shekara, ita ce mutumin Gandi zai ji ya ce an shigo gari. Kuma yana da hujja. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da ke ƙasar Gandi cikin ƙaramar hukumar Rabah. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka rasa fiye da mutum 40. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Illar nokawut a irin wannan yanki iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda na gani da idona: firgita, da turereniya, da karaya, da tashin hawan jini ga tsofaffi da masu juna biyu. Ta biyu ta fi muni, ko da yake ba a cika lura da ita ba. A ƙauyen da babu ofishin 'yan sanda, ƙarar harbi ita ce shelar da take gaya wa mutane su tsere, ta kuma gaya wa 'yan sintiri su fito. Idan aka yi kwana uku ana jin ƙara ana cewa ai yara ne, to ranar da ɓarayin daji suka zo da gaske, mutane za su gyara kwanciya su ce ai yara ne. 'Yan mintunan da aka ɓata wajen tantama su ne tsakanin rai da ajali.

Na san a jihohi da dama rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar haramta nokawut duk lokacin bukukuwa. Sai dai sanarwa ce da ake karantawa a babban birni, galibi da Turanci, ana saura kwana biyu biki, alhali kayan sun riga sun cika tebura. Daga nan sai a bi yaro ɗan shekara goma da bulala, a bar dilan da ya sauke katan-katan yana ƙirga riba. Wannan an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Shi kansa ajiyar kayan haɗari ne: ranar 26 ga Disamban 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut ya fashe a unguwar Jankara da ke Legas, gobara ta cinye gine-gine, mutane da yawa suka jikkata. A yi tunanin irin haka a rumfunan zana na kasuwar Achida cikin iskar hunturu.

Wani zai ce an bar ɓarayi da manyan bindigogi an koma kan wasan yara. Gaskiya ne hana nokawut ba zai kori ɗan ta'adda ko ɗaya ba, kuma nauyin tsaro yana nan a wuyan gwamnati. Amma a 2021 talakawan nan sun jure rufe layukan waya da hana sayar da fetur a jarka saboda tsaro. Wannan hani ya fi waɗancan sauƙi nesa ba kusa ba, domin babu wanda abincinsa ya dogara kacokan a kansa.

Shawarata ita ce majalisun ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo su yi dokar da za ta hana shigowa da nokawut da sayar da shi, hukunci ya hau kan mai sayarwa, ba kan yaro ba. A sanar da ita tun kafin azumi, domin ba a fafe gora ranar tafiya, a kuma ba 'yan tireda wa'adin mayar da abin da ke hannunsu. A danƙa sa ido ga sarakunan kasuwa da hakimai da masu unguwanni, waɗanda suka san kowane tebur da mai shi. Limamai su yi bayani a huɗuba, gidan rediyon Rima ya maimaita da harshen da mutane suke ji. Dokar ta haɗa da masu harba bindiga sama a wurin ɗaurin aure, don kada a hana yaro abin da babba yake yi.

Mu kuma iyaye, kuɗin barka da Sallah daga aljihunmu yake fita. Mu tambayi yaro abin da ya saya da su. Sallah ta daɗe tana ƙayatarwa da sabon ɗinki da tuwon Sallah da ziyarar dangi tun kafin a san wannan abu a ƙasar Hausa. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.