Dutse, ƙura da laka: Abin da ke cin ƙafar katafila a filayen ma'adinai na Bauchi

Tun da aka naɗa Dele Alake ministan ma'adinai a watan Agustan 2023, hankalin Abuja ya karkata ga lasisi da tsaro. An soke lasisi 1,633 a Nuwambar 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, aka ƙara soke 924 a Afrilun 2024 saboda masu su ba sa aiki da su. Sai dai lasisi ba ya haƙa rami. Abin da ke haƙawa shi ne katafila, ita kuwa ƙarfinta yana ƙafarta.

Ƙafar katafila ita ce sarƙar ƙarfe da take tafiya a kanta, da rolar da ke ɗauke da nauyin injin, da haƙoran da ke juya sarƙar. Masu ƙera waɗannan injuna sun daɗe da ƙiyasta cewa wannan sashe kaɗai kan cinye kusan rabin kuɗin gyaran injin a tsawon rayuwarsa. A Jihar Bauchi, inda ake haƙar kuza a Toro da farar ƙasa a Alkaleri, ake kuma fasa dutse a kewayen birnin, ƙasa da yanayi suna ƙara wa wannan lissafi nauyi.

Matsala ta farko dutsen ne kansa. Duwatsun da suka kewaye Bauchi suna ɗauke da ma'adinin kwaz, wanda taurinsa ya fi na ƙarfe gama-gari. Idan tsakuwarsa ta shiga gaɓoɓin sarƙa, sai ta riƙa gurzar ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa. Ga kuma bugun da injin ke sha a kan fasasshen dutse, wanda ke lanƙwasa faifan sarƙa, ya kwance kusoshi.

Ta biyu yanayi ne. Ƙurar hunturu tana cin robar da ke riƙe mai a cikin rola. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, robar ta bushe, mai ya tsiyaye, ƙarfe ya koma gogar ƙarfe. Da damina, wadda ke tsananta a Yuli da Agusta, yashi da ruwa kan haɗu su zama magogi. Yumɓu kuwa yakan cushe tsakanin haƙora da sarƙa, ya ɗaure ta tamau, kuma sarƙar da ta yi tsauri ta fi saurin lalacewa.

Nan ne batun ya shafi tattalin arziki. Yawancin kayan gyaran nan daga waje ake shigo da su. Kafin a saki darajar naira a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Mai injin da ya kasa sayen sabuwar sarƙa yakan koma ga tsohuwa ko walda, injin ya yi kwanaki yana aiki, ya yi makonni a ajiye. Ƙaramin mai lasisi da ke hayar katafila shi ke biyan kuɗin wannan zama, ma'aikatansa su rasa abin yi, gwamnati ta rasa harajin ma'adinin da ba a haƙo ba.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta yafe kuɗin kwastan a kan injuna da kayansu da aka shigo da su domin haƙar ma'adinai kaɗai. Abin da ya kamata ma'aikatar ta bincika shi ne ko wannan sassauci yana kai wa ga ƙananan masu haƙa, waɗanda ke sayen kayan gyara ɗaya-ɗaya a hannun dillali. Haka nan jami'an da ke tsara kwangilar sayen injuna su daina duba farashin saye kaɗai. Faffaɗan faifan sarƙa ya dace da taɓo, amma a kan dutse siririn ya fi jurewa, don haka dole takardar kwangila ta faɗi irin ƙasar da injin zai taka, da inda za a samu kayan gyaransa.

Sauran maganin horo ne. Kankare laka kullum bayan tashi daga aiki, daidaita tsaurin sarƙa gwargwadon ƙasa, rage tafiya da baya, da ɗora injin a tirela idan tafiyar mai nisa ce, duk suna tsawaita rayuwar ƙafar ba tare da an kashe dala ba. Birnin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wanda kuma kamfanin Steyr ya harhaɗa manyan motoci da taraktoci a cikinsa, bai rasa inda zai horar da direbobi da makanikai ba. Asusun Bunƙasa Ma'adinai na tarayya na iya ɗaukar nauyin irin wannan horo, ya kuma sanya shi sharaɗin duk tallafin injin da zai bayar.