Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasi daga Wani Tsohon Hoton Mota

Kwanakin baya wani abokin karatunmu ya shigo ɗakin kwananmu riƙe da wani tsohon hoto marar launi, wanda ya yanko daga wata mujallar Turawa. Hoton wata motar tsere ce mai dogon hanci, rufinta a shimfiɗe, bayanta kuwa sai ka ce an sa wuƙa an datse shi. A jikinta akwai lamba 16. Nan take gardama ta kaure. Wani ya ce Jaguar ce, saboda tsawon hancin. Wani ya yi rantsuwa cewa Ferrari 250 GTO ce. Na uku ya ce shi dai motar tallan burodi yake gani. Aka yi dariya aka watse, kowa na ganin shi ne da gaskiya.

Wannan gardama ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ra'ayina shi ne hoto shaida ne kurum, ba alƙali ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma kuma su ne suka ce kama da wane ba ta wane.

Abin da babu wanda ya kula da shi a cikinmu shi ne ɗan guntun rubutun da ya saura a gindin hoton, mai nuna wuri da shekara: Le Mans, 1962. A wannan gari na Faransa ake yin tseren motoci na awa 24, kuma akan ajiye sunan kowace mota da ta shiga, da lambarta, da direbobinta. Wanda ya bi wannan sawu zai tarar cewa mai lamba 16 a wannan shekara Ferrari ce, amma ba GTO ba. Asalinta 250 GT ce ƙirar 1961, mai lambar shasi 2819 GT.

To, me ya sauya mata kama haka? Wani attajirin Italiya, Giovanni Volpi, ya nemi sayen GTO, Enzo Ferrari ya hana shi, saboda ya mara wa injiniyoyin da suka bar kamfanin a 1961 baya. Sai Volpi ya ɗauko ɗaya daga cikinsu, Giotto Bizzarrini, wanda da ma da hannunsa a ƙirar GTO ɗin, ya damƙa masa wannan mota. Bizzarrini ya ja injin baya, ya saukar da shi ƙasa, ya ɗora masa kafireta shida, aka kuma ƙera sabon bodi a garejin Piero Drogo da ke Modena. 'Yan jaridar Ingila suka laƙaba mata suna Breadvan, wato motar burodi. Ashe abokinmu na uku bai yi nisa da gaskiya ba! A tseren kuwa ba ta wuce awa huɗu ba, sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya ta ba da matsala, ta fita.

Mai karatu ya lura, wanda ya ce GTO ce ba wauta ya yi ba. Duka biyun injinsu mai silinda 12 ne, tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya kuma ɗaya ce, milimita 2,400. Ko da ya sa ma'auni a kan hoton, ba zai raba su ba. Laifinsa kawai shi ne rantsuwa a kan abin da ido ya ba shi.

Wani misalin ya fi wannan ban mamaki. A 1962 Carroll Shelby, Ba'amurke, ya ɗauki motar AC ta Ingila ya dasa mata injin Ford mai silinda 8, ya kira ta Cobra. Da farko guda ɗaya tak gare shi, mai lamba CSX2000, amma sai ya riƙa sake mata fenti kafin ya miƙa wa 'yan jarida su gwada, don a zaci an ƙera da yawa. Wanda ya tara hotunan zai ƙirga motoci barkatai, alhali ɗaya ce. A 2016 an sayar da ita dala miliyan 13 da dubu 750. Ba fenti aka saya ba, ba kuma ƙarfe ba. Lamba aka saya da salsala.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da motocin Turawa? Amsa ita ce, ciwon nan namu ne. Sau nawa muke jin amon wata tsohuwar waƙar ajami, mu yanke cewa ta Malam wane ce, don kawai salon ya yi kama? Alhali masu kwafa sukan ƙara, su rage, su sauya lafazi, kamar yadda Bizzarrini ya yi wa motarsa. Ramzin da ke ƙarshen waƙa, da sunan da mawallafi ya ambata, da jerin hannuwan da takarda ta ratsa, su ne lambar shasinmu. Idan ɗalibi ya yi sakaci da su, ya rubuta zato a kundinsa na digiri, na bayansa za su kwafa, zato ya zama tarihi, a raba marubuci da guminsa.

Ban ce a yi watsi da kama ba, domin ita ke nuna wa mai bincike inda zai fara tono. Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kafin mu rantse, mu duƙa mu karanta ɗan guntun rubutun da ke gindin hoton.