Kada Ki Ce Basir Ne Sai An Duba

Uwargida mai juna biyu, akwai maganar da kunya ke hana ki faɗa ranar awo, ita ce maganar bahaya. Ni kuwa a ganina ta fi ciwon baya da kumburin ƙafa cancantar a faɗe ta.

Ciki kan sa hanji ya yi nawa, maganin ƙarin jini da ake ba ki kan ƙara taurin bahaya ya kuma mai da shi baƙi, sannan nauyin jariri kan jawo basir. Saboda haka idan bahayarki ta fito siririya kamar fensir sau ɗaya ko biyu, kada hankalinki ya tashi. Sirantar bahaya ita kaɗai ba kasafai take nufin ciwon daji ba. Ki yawaita shan ruwa, ki riƙa cin zogale da rama da wake da gwanda, kuma kada ki ajiye maganin ƙarin jinin da kanki.

Inda nake da ja shi ne yadda muka mai da basir rumbun zuba kowace cuta. Daga Nahuce zuwa Bunguɗu, daga Tsafe zuwa Gusau, da wuya ki shiga kasuwa ba ki ji mai lasifika yana tallar maganinsa ba. Shi bai duba kowa ba, kwalba kawai yake miƙawa. Alhali ƙari idan ya tsiro a ƙarshen babban hanji yakan matse hanya, sai bahaya ta sirance, jini ko majina su biyo, mutum ya gama ya ji kamar bai gama ba. Basir ma yana kawo jini, shi ya sa ake rikita su. Wata shida ana shan jiƙo, ƙari yana girma.

Kada kuma a ce miki cutar tsofaffi ce. Likitocinmu na ganin ta a jikin 'yan shekara talatin da arba'in, mafi yawansu kuma sai ta yi nisa suke zuwa. Ɗan fim ɗin Amurka Chadwick Boseman yana da shekara 43 ta kashe shi a 2020, kuma a 2021 ƙasar ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Idan sirantar ta wuce mako uku, ko akwai jini, ko kina ramewa ga ciki yana girma, ko jininki ya ƙi hawa duk da magani, ko wani a danginku ya taɓa yin dajin hanji, ki faɗa wa malamar awo a ranar. Kada ki jira haihuwa. Dubawa da yatsa cikin safar hannu minti kaɗan ne, ba ta taɓa jariri, kuma kina da ikon ki nemi mace ta duba ki. In an ga buƙata za a tura ki asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika, inda likita zai yanke ko a leƙa hanjin da na'ura yanzu ko bayan kin sauka.

Kai kuma maigida, kuɗin mota da izinin fita a hannunka suke. Alamun nan ba na masu ciki kaɗai ba ne. In Inna ko Baba sun daɗe suna kukan basir ga rama, ka haɗa su a mota ɗaya ranar da za ka kawo ta awo.